Hantar da Na Ɓoye wa Rifkatu

Ku samarin yanzu kuna ganin fawa ba aiki ba ce. Ku hango mutum tsaye bayan teburi da wuƙa, ku ce ai yanka ne kawai da karɓar kuɗi. Kwanan baya wani ya ce mini in aikin gwamnati bai samu ba zai ɗan riƙa fawa kafin nan. Ɗan riƙa! Na miƙa masa wuƙa na ce ya cire mini maɗaciya daga jikin hanta. Ya fasa ta. Hanta guda ta koma koriya, kare ya shinshina ya wuce abinsa. To ku saurara. Sunana Sahabi, aji huɗu na tsaya a firamare, amma na fi shekara talatin hannuna na cikin cikin saniya.

Ranar da aka kai ni gaban Baba Ɗandare a Bungudu bai ba ni wuƙa ba, tumbi ya ba ni. Shekara biyu cur ina wanke tumbi da hanji a bakin gulbi, har mutanen gidanmu suka daina cin tuwo kwano ɗaya da ni. Sai a shekara ta uku ya yarda na taɓa ƙarfe, shi ma wasawa kawai. Wuƙa uku gare mu. Akwai doguwa ta yanka, wadda ba ta taɓa komai sai wuya. Akwai ta fiɗa, gajeruwa mai lanƙwasa, ita ke raba fata da nama, in ka huda fatar kuwa ka shiga uku. Sai ƙarama ta kan teburi. Ga gatarin ƙashi, ga magagari, ga dutsen washi. In na wasa na kawo, sai Baba ya ɗora bakin wuƙar a kan farcen babban yatsansa. In ta zame, ya jefo mini ita ba magana. In ta kama, nan ma ba magana. Da haka nake gane na yi daidai, wato bai jefo ba.

Hanta ce ƙarshen karatu. Mai lafiya za ka gan ta ja-wur da ɗan duhu, sumul kamar an shafa mata mai, gefenta siriri. Mai ciwo kuwa gefenta ya yi kauri, ga farin jijiya ya ratsa ta kamar igiya, in wuƙa ta bi ta kai sai ka ji ƙaras. Ka matsa wurin, wata tsutsa mai faɗi kamar ganyen dogon yaro ta fito tana motsi. Shanun da ke kiwo a fadama su suka fi kwasowa. Ranar da na fara ganin haka na buɗe baki zan yi magana, Baba ya take mini ƙafa. Kafin in ƙifta ido ya yanke wurin ya tura ƙarƙashin daro. Da muka keɓe ya ce, "In ka ga wanga abu, ka yanke ka ɓoye. Kuma ba ka faɗi. Ko ni nit tambaye ka, ka ce lahiya lau."

Yana da hujja. In likitan dabbobi ya gani, hantar duka zai ɗauke ya zuba mata kananzir. In 'yan uwanka mahauta suka ji, kafin azahar kasuwa ta ɗauka. Masu saye kuwa ba su da yafiya. Da na buɗe teburina a Gusau, babbar mai saye wurina ita ce Hajiya Tumba mai tuwo a tasha. Nama na tururi, yanzu aka kawo shi daga kwata, wato mayanka, za ta ɗaga shi da yatsa biyu kamar mushen ɓera ta ce, "Sahabi, na jiya ne." Kullum haka, shekara da shekaru. Macen da ke wulaƙanta nama mai kyau, ku ƙiyasta abin da za ta yi in ta ji maganar tsutsa.

Shekara biyu bayan an ba mu jiha ita ce muguwar shekara. Daminar da ta gabace ta ruwa ya yi yawa, fadamu suka cika, shanu suka sha suka ƙoshi da ciwo. Ga wahalar man fetur. Mukan sayo shanu a Tsafe mu koro su da ƙafa har Gusau, su iso ƙashi da fata, mu ma haka. Ka buɗe ciki, hanta ta taɓu. Kowa a kwata yana yanka yana turawa ƙarƙashin daro, kowa ya san na kusa da shi ma abin da yake yi ke nan, amma ka tambayi mutum ya saniyarsa, sai ya ce maka bai taɓa yanka mai lafiya irinta ba.

A cikin wannan hali ne Malam Bulus ya kawo mini ɗiyarsa. Mutumin kudancin Kaduna ne, ma'aikacin gwamnati, duk Asabar wurina yake sayen nama. Ya ce sunanta Rifkatu, tana aji uku a jami'a, ta zo dogon hutu. Malaminta ya ba ta wani aikin bincike ta yi cikin mako takwas. In ya yi kyau, zai riƙe ta a ɗakin bincikensa har ta gama karatu. In bai yi ba, ya ba wani gurbin. Abin da take buƙata hanta ce.

Na ce, "Kilo nawa?"

Ta nuna mini kan babban yatsanta. "Kamar haka, Baba. Daga saniya ashirin."

Na'Allah, wanda teburinsa ke manne da nawa kuma bakinsa ba ya hutawa, ya miƙo wuya ya ce, "Miyar aljanu za a yi?"

Yarinyar ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Baba, naman nan da kake gani, ɗakuna ne ƙanana-ƙanana, ido ba ya ganinsu. Cikin kowane ɗaki akwai murhu da yawa, su ke ƙona abincin da dabba ta ci ya zama ƙarfi. Sunansu mitokondiriya."

"Awo," na ce, kamar na san danginsu.

"In murhu ɗaya ya tsage, sai ya riƙa hayaƙi yana ɓata ɗakin. To ɗakin da kansa yake nannaɗe shi cikin wata 'yar jaka ya narkar da shi. Malamina yana so ya gani ko hanta mai ciwo ta fi mai lafiya yin wannan sharar."

Na'Allah ya ce, "Sahabi, shekara nawa kana saida ma mutane murhu ba ka sani ba? Ka riƙa ƙara musu kuɗin itace."

Aka yi dariya, har da ni. Sai ta faɗi sauran maganar, na daina dariya. Goma masu lafiya take so, goma masu ciwo. Masu ciwon ba jijiyar kanta ba, naman da ke gefen ciwon dab. Kuma da ɗuminta, ana fitar da ita daga ciki a kawo, don wai murhun ba sa jira. Ubanta na tsaye yana kallona. Na ce ba damuwa.

Ranar farko ta shigo cikin kwata da farar riga kamar ta 'yan asibiti. Aka kayar da wani bijimi aka sa masa wuƙa, jini ya yi tsartuwa ya sami rigar, ta nemi wuri ta zauna a ƙasa ba wanda ya ce ta zauna. Daga ranar muka yi shawara ta riƙa jira a gindin dogon yaron da ke bakin ƙofa, ni in riƙa kawo mata. Ana idar da sallar asuba za ka same ta can da kular ƙanƙara, da reza, da wasu 'yan kwalabe masu ruwan magani mai yaji a ido. In na kawo yanki, ta ɗora kan ƙanƙara ta yayyanka shi kamar ƙwayar gero, ta zuba a kwalba. Mai lafiya ta ɗaura shuɗin zare, mai ciwo jan zare. Ni da nake taƙama ina yanka kilo ba sai na ɗora sikeli ba, na tsaya ina kallon mai yankan ƙwayar gero. Mahauta suka sa mata suna Likita.

Goman farko ba a sha wuya ba. In tawa ta taɓu, na roƙi yanki wurin wanda tasa ta yi kyau, kowa ma so yake a ga tasa. Da shuɗin zare ya cika goma, sai ta ce da ƙarfi, mutane na wucewa, "Baba, har yanzu ba a sami mai ciwo ba?"

Na waiga hagu da dama na ce, "Sassauta murya. Gobe."

Washegari na buɗe saniyata, ga ciwo nan ɓaro-ɓaro. Wallahi na yi niyya. Amma ku gane, ɓoye ciwo ƙiftawar ido ne. Yanko gefensa kuwa sai ka shimfiɗa hantar a fili ka tsaya kana dubawa. Ga Na'Allah a damana, ga likitan dabbobi saura saniya uku ya iso kaina. Ban gama tunani ba na ga hannuna ya riga ya gama aikinsa, ciwon na ƙarƙashin daro. Sai na je wurin wani da tasa ke sheƙi na yanko. Na kai mata, na sunkuya na ce cikin raɗa, "Mai ciwo."

Ta duba ta ce, "Kamar mai lafiya."

Na ce, "Haka gefen yake."

Ta ɗaura jan zare. Haka na yi har sau goma. Kuma kada ku ce raina ya dame ni, ko kaɗan. A ganina alheri nake yi. Ɗiyar mutumin kirki, baƙuwa, za ta kai wa babban malami saƙo daga Gusau, in ba ta ruɓaɓɓe? Na ce a raina ko mene ne suke nema, ai zai fi fitowa sosai a nama mai kyau.

Da kwalabe suka cika ashirin ta shiga mota ta kai wa malamin. Bayan kwana shida ta dawo. Ba kwata ta zo ba, kasuwa ta same ni da hantsi, ba kula ba farar riga. Ta gaishe ni ta tsaya tana wasa da bakin gyalenta.

"Baba, malamina ya duba. Ya ce duka ashirin ɗin iri ɗaya ne. Ya ce ko na rikita kwalaben, ko ban iya aikin ba. Saura mako biyu. In ban kai na kirki ba, zai ba wani."

Na ci gaba da sarar ƙashi.

"Na yi ta tunanin inda na yi kuskure. Ko zaren na musanya. Ka yi haƙuri, Baba, na sa ka wahala, na ɓata maka nama a banza."

Da zagina ta yi da na ji sauƙi. Na ajiye gatari na ce, "Ɗiyata, zarenki lahiya lau. Kwalabenki lahiya lau. Hantar ma lahiya lau, duka ashirin."

Sai maganar ta shige ta.

"Baba! Duka?"

"Mai kyau niz zaɓa miki."

"Ni na ce ka zaɓa mini mai kyau?"

"To wa ka ba baƙo ruɓaɓɓe?"

"Ba ci zan yi ba, Baba! Ba miya zan yi ba! Mako biyar ina tashi da asuba, ina bin masu firji gida-gida ina roƙon ƙanƙara, ashe kai kana can kana yi mini kara!"

Na'Allah ya miƙo wuya. "Lahiya dai?"

Ni da ita muka haɗa baki muka ce, "Lafiya lau."

Da ta huce muka yi lissafi. Kwana goma gare mu, don sai ta koma kafin wa'adi. Ni kuma saniya ɗaya nake yankawa a rana. Kuma kamar da gayya, shanu biyun da suka rage mini na buɗe su na tarar da hanta sumul, a shekarar da ba a samun sumul. Kwana biyu suka tafi.

Ranar kasuwar Tsafe na tafi neman abin da na shekara ashirin ina gudu. Na san alamarta sarai: ƙasan haɓa a kumbure, cikin ido fari fat, gashi a tashe. Na hango wata cikin shanun Ardo Jaɓɓi, Bafulatanin da na daɗe ina saye wurinsa. Na dafa ta na ce, "Ardo, tsakaninka da Allah, wagga na da ciwo?"

Ya ce, "Wannan? Lafiyarta ƙalau. Ta fi ni lafiya."

"To ban so."

Ya dube ni, ya dubi saniyar. "Ba ka so don tana da lafiya?"

"Mai ciwon hanta nika nema."

Ya jingina da sandarsa yana neman inda tarkon yake. Can ya ce, "To, ta ɗan rage cin ciyawa."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Na saye ta. Ina kora ta ina jin yana ce wa na kusa da shi wahalar fetur ta fara taɓa mutanen birni.

Saniya ɗaya dai hanta ɗaya ce, ga shi goma ake nema, kwana na tafiya. Na san inda sauran taran suke, suna ƙarƙashin darukan abokan aikina. Kuma na san ba wanda zai fito da tasa muddin ba a ga ta wani a fili ba. Da safe na yanka ta, na buɗe. Ban taɓa ganin hanta mai muni irin wannan ba, jijiya ta ratsa ta ko'ina. Hannuna ya fara zuwa da kansa, na riƙe shi da ɗayan. Na kife daron, na shimfiɗa hantar a bayansa inda kowa zai gani, na miƙe na ɗaga murya.

"Jama'a! Saniyar Sahabi na da ciwon hanta! Ga ta nan, kowa shi zo shi gani!"

Wuƙaƙe suka tsaya a sama. Ba wanda ya taɓa jin an faɗi haka da baki, har likitan dabbobi sai da ya tambaya ko faɗa ake yi. Ya zo ya duba, na gaya masa dalili, ya ce in yanki abin da zan yanka. Na yanko gefen ciwon dab, ya zuba wa sauran kananzir ya cinna wuta, na ruga gindin dogon yaro. Rifkatu ta ce in rantse. Na ce ta leƙa ta ga hayaƙin abin kunyata. Ta ɗaura jan zare.

Kafin azahar kasuwa ta ɗauka, kamar yadda Baba Ɗandare ya faɗa. Hajiya Tumba ta zo ta wuce teburina kamar ba ta taɓa ganina ba, ta tsaya wurin Na'Allah. Shi kuwa yana yanka mata yana cewa, "Sannu Sahabi Mai Tsutsa. Ya masu jiki?" Ranar nan da nama na koma gida, muka yi kilishin da ba mu shirya ba.

Washegari na kai mata labarin cewa tawa ta yau sumul ce, sai ga Na'Allah ya fito ta bayan bishiya, hannunsa ɗaya cikin riga. Ya dubi sama, ya dubi gefe, ya ajiye yanki kan ƙanƙarar.

"Likita, ga wanga. Ba tawa ba ce. Tsinta niy yi."

Na taɓa na ce, "Tsintuwa da ɗumi?"

Ya ce, "Kai dai rufe mini baki, Mai Tsutsa."

Daga ranar abin ya buɗe, amma ta bayan bishiya. Wannan ya zo ya ce ta wani baƙo ce daga Mada. Wancan ya ce ta ƙanen matarsa ce. Ba wanda ya taɓa haɗuwa da wani, ko da kuwa kafaɗunsu sun gogi juna. Muka kai tara, saura kwana ɗaya, ranar kuma kowa ya rantse tasa lafiya lau, da alama karon nan gaskiya suka faɗa. Sai ga saƙo daga Bungudu, wai Baba Ɗandare ya ce mu zo gobe da sassafe da kwalbarmu. Muka ɗauki kabu-kabu biyu da tsadar fetur ɗin nan, ita rungume da kula. Tsohon ya tsufa har ba ya yanka da kansa, amma shi ya karɓi wuƙa ya yanko gefen ciwon, ko duba wurin bai yi ba. Ya miƙa mata ya ce, "Ta maƙwabci ce." Sa'an nan ya juyo kaina. "Kai kuma na ji abin da kay yi. Shekara bakwai ina koya maka rufe baki."

Na ce, "Baba, ai ga ka kai ma."

Ya ce, "Ni ban ce komai ba."

Ta tafi da kwalabenta ranar da kwana goman suka cika. Wata biyu ban ji labari ba, sai Malam Bulus ya ce mini malamin ya riƙe ta. Hajiya Tumba ma ta dawo don kanta, ba bayani. Ta ɗaga nama da yatsa biyu ta ce, "Sahabi, na jiya ne." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Da hutun Kirsimeti Rifkatu ta zo da hoto baƙi da fari, wanda aka ɗauka da na'urar da ke girmama abu. Wani abu ne kamar ƙwayar wake an ƙulle ta cikin leda. Ta ce murhun ke nan da ya tsage, ga jakar ta nannaɗe shi, kuma daga saniyar Tsafe aka samo, ta fi duka nunawa. Na'Allah ya duba ya ce shi dai ɗanwake ya gani. Sai ta fito da littafin aikin, mai baƙin bango, ta buɗe shafin godiya ta karanta da Turanci, ta juya mana da Hausa a gaban duk 'yan layinmu: tana godiya ga Malam Sahabi mahauci na Gusau, wanda ya samo hanta mafi lalacewa a cikin duk waɗanda aka duba.

Na'Allah sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Sunan Mai Tsutsa kuwa har yau bai bar ni ba, jikokina ma sun san shi.

To kai mai son ka ɗan riƙa fawa, ka ji. Wuƙa za ka iya koya cikin shekara uku in kana da kai. Sanin lokacin da za ka riƙe hannunka, ni sai da na haura arba'in. Shekara talatin ina yanka wa mutanen garin nan hanta mai kyau, ba wanda ya taɓa rubuta sunana ko a bangon shago. Sau ɗaya na kawo ruɓaɓɓiya, aka sa ni a littafi.